Takarda ta fito da epatit B: wurin mai ganye za ka kai kuɗinka ko likita?

Bara da damina matar ƙanena ta haihu nan Tahoua, haihuwar ta zo da gardama ta zubar da jini da yawa, anka ce a nemo masu bada jini da gaggawa. Ƙanen nawa shi ne farkon wanda ya miƙa hannu, magidanci ne ɗan shekara 29 mai kabu-kabu, ƙaƙƙarfa, wuni yake bisa moto cikin rana bai taɓa cewa wash ba. Anka ɗebi kaɗan anka auna, can sai ma'aikacin ya jawo shi gefe ya ce ba za a iya amsar jininshi ba, ya ba shi 'yar takarda an rubuta AgHBs positif, wato an ga alamar ƙwayar epatit B mai kama hanta cikin jininshi, ya ce ya je ya ga likita. Ya fito ya iske ni bakin ƙofa takardar na rawa a hannunshi, ya ce "Yaya, wai ciwon hanta gare ni, ni da ko ciwon kai ban cika yi ba."

Ba a yi sati ba shawarwari sunka yi mana yawa. Inna ta ce akwai wani dattijo mai magani a ƙauye da ya san kan shawara tun kakanni, abokanshi na fada sunka turo mishi odiyo ta WhatsApp na wani da ke cewa yana wanke jini tas cikin wata uku in bai yi ba a zo a amshi kuɗi, wani ɗan uwanmu da ke bida a Abijan ya kira ya ce kar ya ɓata lokaci ya shiga farmasi kawai ya sayi tenofobir, maganin da likitoci ke ba masu epatit B, ya fara sha. Kuɗin da ke hannunmu kuwa bayan suna da ordinas ɗin mai jego ba su isa a bi hanya biyu ba balle uku, dole a zaɓi ɗaya. Na san gidaje da yawa a Tahoua da Yamai yau suna cikin irin wanga hali, shi ya sa na zauna in faɗi abin da munka auna da abin da munka gani.

Abin da ya fara ruɗa mu shi ne kalmar shawara. Mu a gida duk wanda idonshi ya yi ɗorawa fitsari ya yi ja sai mu ce shawara, alhali shawara alama ce kawai, abubuwa da dama ke kawo ta, har masassarar cizon sauro mai tsanani da sikila da tsakuwar matsarmama. Cikin ƙwayoyin cutar da ke kama hanta kansu akwai iri biyar, A, B, C, D da E. A da E ta ruwa da abinci maras tsabta suke shiga, mutum ya yi zazzaɓi da amai ido ya yi ɗorawa, bayan 'yan makonni mafi yawan mutane su warke da kansu, sai dai E tana da haɗari ƙwarai ga mai ciki, waɗanda sunka bi labarin Diffa a 2017 sun tuna yadda ta ɗauki mata masu juna biyu. B da C ta jini suke shiga kuma su ne masu zama cikin jiki shekara da shekaru ba tare da ka ji komi ba. D ba ta iya zama ita kaɗai sai a jikin mai B, in ta haɗu da ita kuwa ciwon ya fi saurin ɓata hanta.

To nan ne asalin maganar take. Dattijon da Inna ke faɗi ba maƙaryaci ba ne, da gaske mutane sun je wurinshi da ido ɗorawa sun sha saiwar rawaya sun koma gida ido fari, mu ma muna yara mun sha. Amma mafi yawan waɗanga, irin shawarar da ke wucewa da kanta ce, ko an sha ko ba a sha ba lokacinta na cika za ta tafi. Har B ɗin ma, in babban mutum ya kamu da ita sabuwa, sama da 95 cikin 100 jikinsu ke korar ta shi kaɗai cikin wata shida. Saboda haka mai odiyon nan da ke cewa ga wane ya sha maganina ya koma ya auna ta fito negatif, yana yiwuwa da gaske ta fito negatif, amma jikin mutumin ne ya yi aikin. Matsalar ita ce mu nan Afirka ta Yamma mafi yawan masu B ba da girma sunka kamu ba, wurin haihuwa ne daga uwa ko suna ƙanana wurin wasa da ƙuraje da aska, kuma jinjirin da ya kamu kusan 9 cikin 10 ƙwayar zama take yi har girma. Irin wagga ce ke jikin ƙanena, da munka auna Inna ita ma ta fito positif, tsohuwa da ba ta taɓa sanin tana ɗauke da komi ba. Ita wagga mai zaman daram ba a taɓa samun ganye ko saiwa ko sassaƙe da aka tabbatar yana fidda ta ba, haka ma ƙwayar likita ba ta fidda ta gaba ɗaya, danne ta take yi. Duk wanda ya ce maka zai raba ka da ita cikin wata uku, ko da farar riga ya zo maka, ya faɗi abin da ba shi da iko a kai.

Amma bari in yi adalci ga hanyar gargajiya don ba banza mutane ke tafiya can ba. Mai magani yana kusa, yana jin Hausarka, zai shimfiɗa maka tabarma ya saurare ka har ka ƙare, ba layi ba tikiti, in ba ka da kuɗi ya ce kawo abin da ya sawwaƙa sauran sai ka samu. Babban abin da yake ba ka kuma shi ne ranar ƙarewa, ya ce maka bidon uku za ka sha shi ke nan, mutum kuwa in yana cikin tsoro ba abin da yake son ji kamar ranar da zai rabu da abu. Akwai kuma masu tsoron Allah cikinsu da in sunka ga ciki ya fara kumburi za su ce maka wanga ba nawa ba ne tafi likita. Waɗanda nake jin zafinsu su ne sabbin nan na rediyo da WhatsApp da Facebook masu zuba ruwan magani a robar da ba suna ba awo, magani ɗaya wai na hanta da basir da suga da hawan jini da ƙarfin maza. Wanda anka turo wa ƙanena jika arba'in ya nema kashin farko. Mun amso bidon ɗaya kafin in ankara, don Inna ta riga ta aika, na buɗe na shinshina, ruwa ne baƙi-baƙi mai ɗaci da wani kumfa a sama, ya sha kofi biyu ya kwana zawo har gari ya waye bai iya hawa moto ba, da munka kira mai maganin ya ce ai dattin ne ke fita a ci gaba. Nan na ce a tsaya. Duk abin da ka haɗiye hanta ce ke tace shi, hantar da ke fama da ƙwaya kuma ka ɗora mata abin da ba ka san mi ke ciki ba ba ka san yawanshi ba, wasu daga cikin irin waɗanga haɗe-haɗe su da kansu suna ƙona hanta ko ƙoda. Zawo ba ya fidda ƙwayar da ke zaune cikin hanta, ruwan jikinka kawai yake ɗebewa.

Duk da haka ba zawon ne ya fi ba ni tsoro ba, lokaci ne. Kawunmu, wan Inna, ya rasu shekarun baya ina saurayi. Ya fara da kasala da rama, sai ƙafafu sunka kumbura, sai ciki ya tashi ya yi tim yana sheƙi kamar an hura salka, anka ce sammu ne don yana kasuwancin albasa yana samu, anka yi ta yawo da shi gari gari ana jiƙe-jiƙe da turare kusan shekara. Ranar da ya yi aman jini anka ɗauke shi zuwa Yamai, likitan da ya duba ya ce hanta ta riga ta ƙandare kuma akwai ƙari a ciki, a maida shi gida a kula da shi. Bai yi wata biyu ba. Wancan lokacin ba wanda ya ce mana epatit, sai yanzu da takardar Inna ta fito na haɗa lissafi. Hanta ba ta kuka da wuri, tana iya lalacewa fiye da rabi mutum na cin tuwonshi yana zuwa kasuwa, ranar da za ta nuna a ido ko a ciki sau da yawa an makara. Mai ganye kuwa da ido yake aunawa, in ido ya yi fari ya ce ka warke, ba shi da abin da zai leƙa ciki da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce a 2022 mutum miliyan 254 ke ɗauke da B a duniya, miliyan 50 ke da C, su biyun sunka kashe mutum miliyan 1.3 a shekarar kaɗai, mafi yawansu ta hanyar ƙandarewar hanta da ciwon daji, irin na Kawu.

Yanzu hanyar likita. Ita ma ba zan shafa mata mai ba, tana da wahala. Farkon abin da za a ba ka ba magani ba ne, takardar analis ce doguwa, mutum ya ji kamar an ƙi taimakonshi ana tatsar shi. Amma kowane ɗaya da tambayar da yake amsawa. Za a sake auna AgHBs, in ta wuce wata shida tana nan an san mai zama ce. Za a auna transaminaz, ALAT da ASAT, su ke nuna ko hanta na ƙonewa a yanzu. Za a ƙirga plaket cikin jini, wato 'yan ƙwayoyin jini masu tsaida zubar jini, za a auna kreyatinin don a san lafiyar ƙoda kafin a ba ka ƙwaya, za a auna sida da epatit C, za a yi eko a ga kamannin hantar, sannan babbar ita ce sharj biral wadda ke faɗin yawan ƙwayar cikin jini, ita ta fi sauran tsada kuma ba ko'ina ake yinta ba. Akwai kuma fibroskan, na'ura ce kamar ta eko da ake ɗorawa a haƙarƙari tana auna taurin hanta ba yanka ba allura. Ƙananan analis ɗin ana samunsu nan Tahoua, amma likitocin ciki da hanta mafi yawansu Yamai suke, a manyan asibitoci irin su Lopital Nasiyonal da na Referans da na Lamorde, ke nan ga kuɗin kar, ga tafiyar sama da kilomita 500 ta Konni da Dosso, ga masauki, ga kwanakin da moto ke jingine ba ta kawo ko dala. Wanga duk gaskiya ne kuma shi ke maida mutane da yawa wurin mai bidon.

Ga abin da ban sani ba a da, da na sani da hankalina ya kwanta tun farko: ko ba ka da kuɗin sharj biral ba a rufe maka ƙofa ba. Akwai wani lissafi da ake ce ma APRI, da ASAT da plaket kawai ake yinshi, analis biyu masu sauƙi da ake samu kusan kowane babban likita, yana ba likita haske ko hanta ta fara tauri. A watan Maris na 2024 OMS ta fitar da sabbin ƙa'idoji da sunka faɗaɗa waɗanda ya kamata a ba magani. In APRI ya wuce 0.5 ko fibroskan ya wuce 7, a fara. In sharj biral ta wuce 2000 kuma ALAT ta hau sama da iyaka, wato 30 ga namiji 19 ga mace, a fara. In mutum na da sida ko C ko D tare da ita, ko ciwon suga, ko a danginshi an yi mai dajin hanta ko ƙandarewarta, shi ma ana duba ba shi. In kuma ba halin yin sharj biral sam amma ALAT ta ƙi sauka an auna an sake aunawa, nan ma ana iya farawa. Saboda haka in ka je ka faɗa wa likita gaskiyar aljihunka, ka ce dokta abin da ke gare ni ke nan wanne za mu fara yi, kuma kar ka ɓoye mishi tarihin gida, labarin Kawu da na faɗa wa likitan sai da ya aje biro ya ɗago kai ya dube ni ya ce "Malam, gara da ka faɗi, kuma tsohuwar ku kawo ta."

Na ƙanena, ALAT ta fito 62, sharj biral ta wuce 2000 nesa, eko ya nuna hanta ba ta ɓaci ba tukuna alhamdu lillahi, anka ɗora shi bisa tenofobir ƙwaya ɗaya kullum. Amma wani abokinshi na fada da ya je ya auna saboda shi, shi ma positif, nashi ƙwayar kaɗan ce ALAT daidai ba tarihin komi a gidansu, likita ya ce ba ya buƙatar magani yanzu ya riƙa dawowa ana aunawa. Yaron nan ya fito ranshi a ɓace yana cewa ya kashe kuɗi an ce ya tafi gida hannu rabbana, saura kaɗan ya tafi wurin mai odiyo. Wanga shi ne wuri mafi wuyar haɗiyewa a hanyar likita, a ce kana da ciwo amma ba a ba ka komi. Sai da munka zaunar da shi munka ce mishi awon nan da za a riƙa yi shi ne maganinka, ƙwayar tana barci ne kuma tana iya farkawa ba sallama, ranar da ta farka takarda ce za ta fara sani kafin jikinka. Irin su ne ma masu bidon sunka fi cin kuɗinsu, don sharj biral tana hawa tana sauka da kanta, in ka sha ruwan ɗaci wata uku ka koma ka ga ta sauka sai ka ce maganin ne.

Sai hanya ta uku, ta ɗan uwanmu na Abijan, a sayi tenofobir a fara sha ba likita. A ido ita ta fi kama da wayo, maganin gaskiya ne kuma ka tsallake kuɗin analis, amma ni ita ta fi ba ni tsoro bayan da na gane yadda abin yake. Tenofobir maganin sida ne shi ma, yana cikin haɗin da ake ba masu ita, in mutum na da sida bai sani ba ya riƙa shan tenofobir shi kaɗai ƙwayar sidar za ta saba da shi ta yi taurin kai ranar da za a zo yi mata magani an rage mata makami. Na biyu yana iya taɓa ƙoda da ƙashi ga wasu, shi ya sa ake auna kreyatinin kafin a fara kuma a riƙa bibiya. Na uku kuma shi ne mafi muni, ba a fara shi a aje. In ka sha wata biyar kuɗi sunka yanke ko ka ji garau ka bari, ƙwayar na iya tasowa da ƙarfi ta ƙona hanta lokaci guda, mai hanta da ta riga ta yi rauni hakan na iya kai shi lahira. Ga kuma maganar inda ka saya, na tire da na bakin tasha da ke wuni cikin rana ba ka san ko na gaske ne ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, in ba ka shirya riƙewa ba ka je a auna ka tukuna a ga ko ma kana buƙata.

In an kai ga shan magani, zaɓin da likita zai yi maka tsakanin biyu ne galibi, tenofobir ko antekabir. Dukansu sau ɗaya ake sha a wuni, dukansu suna danne ƙwayar ƙwarai har a auna a kasa ganinta, kuma ƙwayar ba ta cika saba musu ba, ba kamar tsohon maganin nan lamibudin da in an sha shi kaɗai bayan 'yan shekaru yake daina aiki ga mutane da yawa. Tenofobir na miligiram 300 shi ya fi samuwa a nan kuma ya fi sauƙin kuɗi, shi ake ba mai ciki in ƙwayarta ta yi yawa, sharj biral 200,000 ko sama, don kar ta ba jinjiri. Antekabir na 0.5 ya fi dacewa da wanda ƙodarshi ko ƙashinshi ke da rauni, tsofaffi misali, sai dai shi da ciki wayam ake shan shi, awa biyu bayan abinci awa biyu kafin wani, ga mu masu fura da shayi kowane lokaci sai an yi da gaske, kuma wanda ya taɓa shan lamibudin a baya ba ya yi mishi aiki yadda ya kamata. Akwai sabon tenofobir da ake ce ma TAF na miligiram 25 da ya fi sauƙi ga ƙoda da ƙashi, amma ya fi tsada kuma ba kullum ake samu ba. Shawarata a nan ɗaya ce, ka tambayi likita wanne ne ba zai yanke maka ba a garin da kake, don magani mai kyau da za ka samu wata ɗaya ka rasa wata biyu bai kai wanda ke farmasin unguwarku kullum ba. Kuma a sani ko an danne ƙwayar haɗarin daji raguwa yake ƙwarai amma bai ɓace ba, shi ya sa masu tarihin gida irin namu da masu taurin hanta ake so su yi eko duk wata shida.

Wanda tashi C ce kuwa lissafinshi daban ne kuma albishir ne, C ana warkewa daga gare ta sarai. Tun da sofosbubir ya fito a 2013 abin ya canza, ana haɗa shi da daklatasbir ko wani makamancinshi a sha mako 12, sama da 95 cikin 100 suna rabuwa da ita. Masar, wadda a da tana cikin ƙasashen da sunka fi fama da C, ta auna mutanenta miliyoyi tun daga 2018 ta yi musu magani har OMS ta yaba mata a 2023. To ka ga mai C da zai kai jika arba'in wurin mai bidon ya yi asara biyu, ga magani na gaske mai ranar ƙarewa yana nan. Sai dai a tabbatar da sharj biral tukuna don analis na farko yana iya fitowa positif ga wanda jikinshi ya riga ya kore ta, kuma C ba ta da rigakafi, wanda ya warke yana iya sake kamuwa.

Wani abin da hanyar likita ta ba mu da mai ganye bai ko ambata ba shi ne sauran gidan. Mai jego anka auna ta fito negatif anka fara mata allurar rigakafi, uku ce, ta farko, sai bayan wata ɗaya, sai a wata na shida. Jinjirin yana samun tashi cikin allurar penta da ake yi wa yara a mako 6 da 10 da 14, amma in uwa ce ke da ita bai kamata a jira mako shida ba, ana so a yi wa jinjiri ta farko cikin awa 24 da haihuwa, duk mai cikin da ke zuwa awo ta roƙi sashfam a auna mata AgHBs kuma a shirya allurar tun kafin naƙuda. Da an yi wa ƙanena hakan ranar da anka haife shi da wataƙila ba mu cikin wagga magana. Ƙwayar B tana iya yin kwana bakwai a raye cikin busasshen jini bisa aska ko reza, saboda haka yanzu kowa da rezarshi da abin yankan farcenshi da buroshinshi, wanzami in ya zo aski ko kaciya ko ƙaho sabuwar reza muke ba shi a buɗe ta gabanmu, kuma bai taɓa jin haushi ba.

Abin da ya fi ƙona min rai cikin duk wanga al'amari shi ne kofi. Satin farko na je fadarsu da dare na iske an ware mishi ɗan kofin shayi an ɗaura mishi zare a jiki, shi kaɗai ke sha da shi, a gida ma an fara zuba mishi tuwo daban, yana zaune gefe ya sunkuyar da kai kamar wanda ya yi laifi. B ba ta bin kofi, ba ta bin kwano ko zufa ko musabaha ko tari ko sauro, uwa ma tana shayar da ɗanta nono. Ta jini ce da saduwa da haihuwa. Na ɗauki kofin nan na sha da shi gaban kowa na kwance zaren, ni da anka auna ba ni da ita na yi rigakafina. Irin wanga wariya ita ke sa mutane ɓoye takarda su bi dare su tafi wurin mai magani don shi ba ya tona asiri.

Abinci kuma, mai bidon ya hana shi nama da mai da ƙwai da gishiri har ya fara ramewa a sati biyu, likita ya ce ya ci abincinshi duka. Abin da ya hana shi ne giya ko kaɗan, da shan ƙwayoyi barkatai irin tramol da parasetamol hannu-hannu da 'yan kabu-kabu ke yi don gajiya, da gyaɗa ko masara ko ƙuli-ƙulin da ya yi funfuna, don akwai wata guba cikin funfunar da in ta haɗu da B tana ninka haɗarin dajin hanta. Azumi ma ya yi shi duka, likita ya ce ya maida ƙwayar bayan buɗa baki.

In na jera kuɗin yanzu, abin da munka kashe a analis da kar zuwa Yamai karon farko ya fi jika arba'in ɗin mai bidon, ba zan ɓoye ba, sai da na saida tunkiya. Amma na mai bidon kashin farko ne kawai, akwai na biyu da na uku, kuma a ƙarshe ba takardar da za ta faɗa mana halin da hanta ke ciki. Bayan wata shida da fara tenofobir anka sake aunawa, ALAT ta sauko daidai, sharj biral ba a ganinta, AgHBs tana nan positif kuma likita ya ce mai yiwuwa ta zauna har tsufa kar hakan ya dame shi. Ya sa alam a salula bayan isha'i, kwalbar na cikin aljihun rigar da yake sallah da ita, in saura ƙwaya goma yake zuwa sayen wata don kar ta yanke. Inna ce ta ba mu wahala, ta ce ita da ta kai wanga shekaru ba abin da ya same ta mi za ta je nema a Yamai, sai da ƙanen nawa ya durƙusa gabanta ya ce "Inna, don Allah ki tuna Kawu." Ta yi shiru ta daɗe, sannan ta ce a bari a ƙare girbi. An ƙare, randebu ɗinta da nashi na eko rana ɗaya anka ba su, ranar Talata mai zuwa za mu shiga kar ta asuba mu uku.